Idan ɗan wasa ya jawo ce-ce-ku-ce, me ke samun cinikin kamfanin da yake yi wa talla?

Tambaya: Na ga lokacin da Nike ta sa Colin Kaepernick a tallarta wasu Amurkawa suna ƙona takalmansu, daga baya kuma aka ce ciniki ma ƙaruwa ya yi. To in haka ne, me ya sa kamfanin ya sallami irin su Lance Armstrong da Kyrie Irving da suka shiga rigima? Riba rigima take kawowa ko asara?

Amsa: Malam, rigima tana kawo riba, tana kawo asara, wani lokaci kuma ta zo ta wuce ba ta taɓa littafin ciniki ba, kuma wannan na ƙarshen ya fi yawa. Ma'aikacin sashen talla a kamfanin kayan wasanni, idan aka tashe shi da asuba aka ce ɗan wasansu ya ɓallo ruwa, ba ya tsayawa ƙirga masu zagi a intanet. Tambayarsa ta farko ita ce: waɗannan da suka fusata su ne masu sayen kayanmu? Ta biyu kuma: takalma nawa muke da su a sito da kan teku ɗauke da sunan yaron nan? Kusan duk hukuncin da ka ga kamfani ya yanke, daga amsar waɗannan biyun ya fito.

Mu fara da Kaepernick tunda shi ka kawo. A da shi ne mai jefa ƙwallo na ƙungiyar San Francisco 49ers a gasar NFL, wato ƙwallon Amurkawa. A 2016 ya fara ƙin miƙewa idan ana rera taken ƙasa kafin wasa, daga baya ya koma durƙusawa da gwiwa ɗaya, don nuna fushi kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙaƙen fata. Ya bar ƙungiyar a Maris 2017, kuma tun daga lokacin babu ƙungiyar da ta ɗauke shi. Nike tana da yarjejeniya da shi tun 2011, amma ta ajiye shi gefe ba ta amfani da shi, domin ita ce ke ɗinka wa ƙungiyoyin NFL riguna, ba ta son ɓata da su. Sai ranar Litinin 3 ga Satumba, 2018, aka saki hoton fuskarsa, baƙi da fari, da rubutu a kai mai ma'anar ka yi imani da wani abu ko da zai sa ka rasa komai. An yi shi ne don cikar taken Just Do It shekara 30.

Washegari Talata hannun jarin Nike ya faɗi da kusan kashi 3 cikin 100. Bidiyon ƙona kambas da yanke tambarin kamfanin daga jikin safa ya cika Twitter. Donald Trump, yana shugaban ƙasa a lokacin, ya rubuta cewa ƙauracewar tana kashe Nike. Wata kwaleji a jihar Missouri, College of the Ozarks, ta ce 'yan wasanta sun daina sa kayan kamfanin. Amma kafin tsakiyar watan nan hannun jarin ya farfaɗo har ya kai farashin da bai taɓa kaiwa ba.

Alƙaluman da aka fi yaɗawa su ne na kamfanin Edison Trends, wanda ya ce cinikin Nike ta intanet ya tashi da kashi 31 cikin 100 daga Lahadi zuwa Talata. A nan ake yawan yi wa lissafin kwaɗo. Ranakun hutun ranar ma'aikata ne a Amurka, lokacin da ake karya farashi kowace shekara, kuma a daidai waɗannan ranakun na 2017, ba tare da wani Kaepernick ba, cinikin ya tashi da kashi 17. Ke nan ratar da za a iya jingina wa tallar 14 ce, ba 31 ba, ta kwana uku, a intanet kaɗai, alhali kusan kashi biyu bisa uku na cinikin Nike a wancan lokacin ta hannun 'yan sari da manyan shaguna irin su Foot Locker yake bi. Faɗuwar hannun jarin ma haka: a ranar Adidas da Puma su ma sun yi ƙasa, ba su kuwa da ruwa da Kaepernick. Hannun jari hasashen masu zuba kuɗi ne na wannan wunin, ba kuɗin da ya shiga aljihun kamfani ba.

Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne rahoton wata uku-uku. Daga Satumba zuwa Nuwamba 2018 Nike ta yi cinikin dala biliyan 9.4, ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan na bara. Magoya bayan tallar suka ce ka gani. Sai dai watanni ukun da suka gabata, Yuni zuwa Agusta, kafin kowa ya ga hoton, cinikin dala biliyan 9.9 ne, shi ma ƙarin kashi 10. Abin da mai lissafi zai iya dafa Alƙur'ani a kansa shi ne alƙaluman ba su nuna ƙauracewar ta rage cinikin ba. Cewa tallar ce ta ɗaga cinikin, wannan alƙaluman ba su nuna shi ba. Ribar da ta tabbata ita ce ta suna: kwanaki ana nuna tambarin kamfanin a kowace tashar labarai kyauta, ga kamfanin da ya kashe kimanin dala biliyan 3.75 kan talla a shekarar. Bidiyon tallar ya ci kyautar Emmy ta shirye-shiryen talabijin a 2019, kuma baƙar rigar da aka fitar da sunan Kaepernick a Fabrairun shekarar, kan dala 150, ta ƙare cikin sa'o'i.

Me ya sa wutar ba ta ci ba? Domin masu fushin da masu sayen ba mutane ɗaya ba ne. Waɗanda durƙuson ya fi ɓata wa rai yawanci fararen fata ne masu manyan shekaru, mazauna ƙauyuka da ƙananan garuruwa, masu ra'ayin mazan jiya. Irin wannan mutumin kan sayi takalmin yawo ƙafa ɗaya a shekara, sau da yawa bayan an karya farashi. Wanda ke riƙe da kasuwar Nike kuwa matashi ne na birni, ɗan ƙasa da shekara 35, mai bin layi don Air Jordan na dala 190, ya sayi uku ko huɗu a shekara. Rasa goma daga na farkon ba ya kai samun biyu daga na biyun. Ƙari a kan haka, Arewacin Amurka kusan kashi 40 cikin 100 ne kawai na cinikin kamfanin. Mai saye a Shanghai ko Paris ko Legas, me ya haɗa shi da taken ƙasar Amurka? Shi kuwa wanda ya cinna wa kambas ɗinsa wuta, kuɗin ya riga ya biya tun bara.

Wanda ya sha wuya a zahiri wani mai shagon kayan wasanni ne a jihar Colorado, da ya yi fushi ya daina sayar da duk kayan Nike. Rigunan 'yan NFL su ne ƙashin bayan shagonsa, Nike ce kuma kaɗai ke yin su. A farkon 2019 ya rufe shagon bayan fiye da shekara 20 yana kasuwanci. Ƙauracewa ba ta tasiri sai akwai inda mai saye zai koma.

In kana son ganin inda ta yi tasiri, duba China a Maris 2021. Can ba ɗan wasa ne ya jawo ba, maganar audugar Xinjiang ce, bayan an tono bayanan da Nike da wasu kamfanoni suka fitar na damuwa kan aikin tilas da ake zargin ana sa Musulmin Uyghur. Taurarin China da ke yi wa kamfanonin talla su ne suka yi sallama da su. A Afrilu, ta lissafin kamfanin nazarin kasuwa na Morningstar, cinikin Adidas a shagonta na Tmall, kasuwar intanet ta China, ya faɗi da kashi 78 cikin 100, na Nike da 59. Masu fushin su ne ainihin masu sayen, kafofin gwamnati suna hura wutar, ga Anta da Li-Ning na gida suna jira da hannu biyu.

Sai batun irin laifin, kuma a nan amsar tambayarka kan Armstrong take. Kamfanin kayan wasanni alkawari ɗaya yake sayarwa: ka sa kayanmu ka yi ƙoƙari, za ka kai. Laifin da bai taɓa wannan alkawarin ba, kamfani kan iya haɗiye shi. A Nuwamba 2009 asirin Tiger Woods, gwanin wasan golf, na neman mata ya tonu. Kamfanonin Accenture da AT&T da Gatorade suka rabu da shi, Nike ta tsaya. Ba tausayi ba ne. Accenture kamfanin ba da shawara ne, amana da kamun kai take sayarwa, don haka hoton Woods ya zame mata kaya. Nike kuwa sanda da ƙwallo da riga take sayarwa, kuma mutumin bai daina iya golf ba. Masu bincike uku na jami'ar Carnegie Mellon, Chung da Derdenger da Srinivasan, sun bi cinikin ƙwallon golf daga 2000 zuwa 2010, suka gano sunan Woods ya kawo wa Nike ƙarin ribar dala miliyan 103 daga ƙwallon kaɗai a Amurka, wato kusan kashi 57 cikin 100 na dala miliyan 181 da ta biya shi. Abin kunyar ya kori masu saye kimanin 105,000 cikin wata shida, amma lissafinsu ya nuna da an sallame shi da asarar ta fi haka. Sun ci gaba tare har Janairun 2024.

Armstrong ya sha bamban. Kofunan tseren keke na Tour de France bakwai da ya ci daga 1999 zuwa 2005 su ne hajar. Da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta Amurka ta fitar da rahotonta a Oktoba 2012, ya tabbata nasarar kanta ta jabu ce. Mako guda bayan haka Nike ta soke yarjejeniyarsa, tana cewa ya yaudare ta fiye da shekara goma. Kayan Livestrong, gidauniyarsa ta tallafa wa masu cutar kansa, waɗanda awarwaron robarsu mai ruwan ɗorawa ya sayu fiye da miliyan 80 kan dala ɗaya-ɗaya, Nike ta daina yin su bayan ƙarshen 2013. Babu wani rukunin masu saye da zai ƙara son kamfani don ya tsaya wa mai maguɗi. Haka abin yake ga zubar da jini, cin zarafin mata, zaluntar dabbobi da kalaman ƙiyayya: Michael Vick na NFL da caca kan faɗan karnuka a 2007, ɗan tsere Oscar Pistorius a 2013 bayan ya harbe budurwarsa, ɗan dambe Manny Pacquiao a 2016 kan abin da ya faɗa game da 'yan luwaɗi. Matsayin siyasa yana raba jama'a gida biyu, kamfani ya zaɓi gidan da kuɗinsa yake. Laifi irin na Pistorius ba shi da gida na biyu.

Akwai kuma na tsaka-tsaki, inda ake lafewa a jira. Luis Suárez ya ciji Chiellini a gasar cin kofin duniya ta 2014, FIFA ta dakatar da shi wasa tara da wata huɗu. Adidas ta cire shi daga tallace-tallacen gasar, ta riƙe yarjejeniyar, ya koma Barcelona ya ci gaba da zura ƙwallaye da takalminta. 'Yar wasan tanis Maria Sharapova ma, Nike ta dakatar da hulɗa da ita a Maris 2016 kan shan meldonium, maganin da aka haramta wa 'yan wasa, ta dawo da ita a Yuni.

Yadda ake aiwatar da wannan yana cikin takardar yarjejeniya. Biyan ɗan wasa kashi-kashi ne: tsayayyen kuɗi na shekara, ladan bajinta in ya ci kofi ko ya buga adadin wasanni kaza, kayan sawa kyauta, sannan ga 'yan ƙalilan masu takalmi da sunansu, kamasho a kan kowace ƙafa da aka sayar. A ciki akwai sharaɗin ɗa'a, kuma a kan kalmominsa lauyoyi ke kwana. Wakilin ɗan wasa yana so a rubuta cewa sai kotu ta same shi da laifi. Lauyan kamfani yana so a rubuta duk abin da, a ganin kamfani, zai zubar masa da mutunci. Babban tauraro kan sami na farkon, ƙaramin ɗan wasa na biyun yake sa wa hannu. Kamfanin da ya yarda da na farkon yakan tsinci kansa yana biyan mutumin da ba ya iya nuna fuskarsa a allon talla, har shekara biyu ana jiran shari'a.

Idan abu ya fashe, ba a fara da sallama. Cikin awa 24 ake sauke hotunansa daga shafi da allunan titi, a tsayar da tallar da aka riga aka biya wa lokaci. Sai sanarwar layi biyu: mun damu, muna bibiya. Sai dakatarwa, wadda ke tsayar da biya ba tare da ta saki ɗan wasan ga abokin hamayya ba. A kwanakin nan ake kiran manyan 'yan sari a ji ko suna soke oda, ana duba yawan kayan da masu saye ke mayarwa, ana kuma sauraron sauran 'yan wasan kamfanin da ma'aikatansa, domin su ma kan yi bore. Abin da ake aunawa shi ne kayan da suka fita daga shago zuwa hannun mai sawa. Waɗanda kamfani ya tura wa 'yan sari an yi odarsu wata biyar ko shida baya, don haka rahoton watanni ukun farko yakan fito lafiya lau ko da kasuwa ta fara ruɓewa. Ciwon yana bayyana a odar kaka mai zuwa da kuma yawan karya farashi.

Yanzu ga inda kuɗin gaske ke zubewa, wato sito. Takalmi mai sunan ɗan wasa yana ɗaukar wata 12 zuwa 18 daga zane zuwa kanta, kuma yawanci a Vietnam ko Indonesiya ko China ake haɗa shi. Ɗauki lissafin misali: takalmin da shago ke sayarwa dala 120, ɗan sari ya saye shi wajen dala 60, yinsa da jigilarsa da kuɗin fito sun ci wa kamfani kimanin 33. In an yi ƙafa miliyan ɗaya, dala miliyan 33 ta riga ta fita kafin a sayar da ko ɗaya. Ranar da aka soke yarjejeniya, zaɓin da ya rage duka masu ɗaci ne: a lalata kayan a ɗauki asarar gaba ɗaya, a cire sunan a sayar a wulaƙance, wanda ba ya yiwuwa in an narka tambarin cikin robar tafin, ko a sayar haka nan a sha zagi ana kuma biyan kamasho ga wanda aka kora. Ɗan wasan da fuskarsa kawai ke kan allo, kamar Kaepernick a 2018, kusan babu wannan haɗarin a kansa. In abin ya ɓaci sai a sauke allon.

Babu wanda ya nuna wannan kamar Adidas da Kanye West. Mawaƙi ne ba ɗan wasa ba, amma tsarin yarjejeniyar iri ɗaya ne. Ranar 25 ga Oktoba, 2022, kamfanin ya rabu da shi kan kalaman ƙin jinin Yahudawa, ya ce hakan zai rage masa ribar shekarar da har yuro miliyan 250. A Fabrairun 2023 ya sanar cewa in bai sayar da takalman Yeezy na Kanye da ke jibge ba, zai rasa cinikin yuro biliyan 1.2 da ribar miliyan 500. Sabon shugaban kamfanin, Bjørn Gulden, ya zaɓi sayar da su kashi-kashi tare da ba ƙungiyoyin yaƙi da ƙiyayya wani kaso. An sayar da na yuro miliyan 750 a 2023, mutane suna rububi, amma duk da haka Adidas ta rufe shekarar da asara, karon farko cikin fiye da shekara 30. Ka lura masu saye ba su guji takalmin ba. Kuskuren an yi shi shekaru kafin rigimar, ranar da aka bar babban kaso na ribar kamfani ya rataya a bakin mutum ɗaya.

Da wannan za ka gane na Kyrie Irving. A ƙarshen Oktoba 2022 ya yaɗa wani fim mai ɗauke da kalaman ƙin Yahudawa, ya kuma yi jinkirin ba da haƙuri. Ƙungiyarsa ta ƙwallon kwando, Brooklyn Nets, ta dakatar da shi, ranar 4 ga Nuwamba Nike ta dakatar da hulɗa ta kuma fasa sakin Kyrie 8 da ke gab da fita, a farkon Disamba ta raba gari da shi. Takalmansa suna cikin waɗanda suka fi sayuwa a ƙwallon kwando, amma yarjejeniyar saura ƙasa da shekara ta ƙare, kuma tun watanni kafin rigimar ake rahoton ba za a sabunta ba. Kwatanta da Ja Morant, wanda hukumar gasar ƙwallon kwando ta NBA ta dakatar sau biyu a 2023 kan nuna bindiga a Instagram, wasa 8 sannan 25. Nike ba ta sallame shi ba. Takalminsa na farko, Ja 1, a shekarar ya fito, an zuba kuɗi ba a fara kwasa ba, yaron kuma shekararsa 23. Ana iya gardama kan wane laifi ya fi muni, amma a ganina shekaru da ragowar wa'adin yarjejeniya sun yi nauyi a ma'aunin fiye da yadda sanarwar kamfani za ta taɓa amsawa.

Sallama kuma ba ta kashe ɗan wasa a kasuwa, wannan ma yana cikin lissafin. Irving ya sa hannu da Anta ta China a Yuli 2023, ya tafi da wani ɓangare na matasan da ke sayen takalminsa, ya kuma buɗe wa Anta ƙofar shagunan Amurka da ta daɗe tana nema. Vick kuwa, bayan ya gama zaman kurkuku ya dawo yana haskakawa a Philadelphia Eagles, Nike ɗin da ta kore shi a 2007 ita ce ta sake ɗaukarsa a 2011.